Lokacin da birane suka ƙoshi, manoman Amurka suna cikin bashi

Jiya da yamma a majalisarmu a nan Tawa, wani malamin makaranta ya dage cewa idan arzikin ƙasa ya bunƙasa, manomi ma zai sami rabonsa. Ban yarda ba, kuma hujjata ita ce abin da ya faru a Amurka bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya.

A lokacin yaƙin, gonakin Turai sun zama fagen daga, don haka gwamnatin Amurka ta tsayar wa manoma farashin alkama sama da dala 2 a kan ma'auninsu na bushel. Ganin haka, suka ci bashin banki, suka sayi ƙarin gonaki da tarakta. A 1920 gwamnati ta janye hannunta, Turawa suka koma noma, alkamar Kanada da Ajantina da Ostareliya ta cika kasuwa, zuwa 1921 farashin ya faɗi da kusan rabi. Bashin kuwa ko anini bai ragu ba.

Nan ne gizo yake saƙar. Mai masana'anta idan kaya suka yi kwantai yana rage aiki har farashi ya farfaɗo, amma manomin da bashi ya shaƙe wa wuya ƙara shuka yake yi domin ya biya, maƙwabcinsa ma haka, sai hatsin ya ƙara yin araha. Taraktar ma ta taimaka wajen ɓarnar, domin filayen da ake noma abincin dawakai a da sun koma noman sayarwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Galmi lokacin cirar albasa ya san wannan hali: buhuna jibge a bakin hanya, dillali yana yanka farashin da ya ga dama, manomi kuma ba zai iya zuba albasarsa a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ya jira ba, saboda mai taki da mai injin ban ruwa suna jiran kuɗinsu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne son kan gwamnatin Amurka. A 1922 ta ɗaga harajin kayan waje domin kare masana'antu, wanda ya tsadar da abin da manomi yake saye, amma da majalisar dokoki ta kawo dokar McNary-Haugen don tallafa farashin amfanin gona, Shugaba Coolidge ya ƙi sa hannu a 1927, ya sake ƙi a 1928. Mutanen birni suna sayen mota da rediyo, alhali gida ɗaya cikin goma ne kawai na manoma yake da lantarki, kuma dubban ƙananan bankuna, akasarinsu na karkara, sun riga sun rufe tun kafin kasuwar hannun jari ta rushe a 1929.