Damin katina na kifi da kada, da masu ba ni shawara

Shekara huɗu kenan ina Manchester, kuma abin da ban taɓa zaton zai kama ni ba a ƙasar nan shi ne wasan kati. Ba wot ba fa, Magic: The Gathering nake nufi, wanda wani masanin lissafi ɗan Amurka Richard Garfield ya ƙirƙiro aka fitar da shi a 1993. Ranar da na gaya ma kawuna a waya shiru ya yi, can ya ce "yaro, karatu munka aike ka ko caca kaka yi?" sai da na rantse mai ba a aza ko sisi kafin hankalinshi ya kwanta.

Bambancinshi da wot shi ne ba kati guda ake raba ma kowa ba, kai za ka zauna ɗaki ka tsinto naka cikin dubban katunan da aka buga ka haɗa, su dek suke cewa, ni dami nake ce mai. Salon da muke bugawa Commander sunanshi, kati 100 kuma ba a maimaita kati sai katunan ƙasa na gama-gari masu ba da kuɗin wasa, mutum huɗu a tebur kowa da rai 40. To ni ɗan Argungu da aka ce in haɗa dami mi kuke zato zan haɗa? Kifi mana. Kifi da kada da dorina da kunkuru da kwaɗi, shuɗi da kore, duk abin da ke cikin ruwa na kwaso, don in na baje su bisa tebur sai in ga kamar Matan Fada ranar da aka sake masunta da homa da gora.

Juma'ar farko da na kai shi shagon da muke haɗuwa aka yi min dukan kawo wuƙa. Muna gamawa wani bature mai gemu ya ce in ba shi ya duba, ya baje katunan ya ƙirga, ya ɗago ya ce katin ƙasa 30 kawai gare ka? Katin ƙasa shi ke ba da mana, wato kuɗin da kake biya ka sauke dabba (ba mana tamu ta "zo mana" ba, har yau in sun faɗa sai na yi murmushi). Ya ce in kai su 37. Na so in yi gardama amma ya jawo waya ya buga min lissafi, kati bakwai ake fara ɗauka, in ƙasa 30 ce cikin 99 (na ɗarin shi ne kwamandan dami, gefe ake aje shi) to kusan biyu za ka riƙa samu a hannun farko, in 37 ce biyu da rabi da ɗan ɗori, kuma wannan ƙarin rabin katin shi ne ratar da ke tsakanin mai wasa da mai zaman kallo riƙe da ƙaton kifin da ba ya da kuɗin saukewa. Wannan kam na karɓa hannu biyu, don ba ra'ayi ba ne.

Wanda ke kusa da shi kuma sai ya ce ai kifi ba su da gata a wasan nan, in zubar da su in koma Merfolk, mutanen ruwan nan masu jelar kifi, tunda su an buga musu katunan da ke ƙarfafa juna da yawa. Kuma gaskiya ya faɗa, Merfolk sun fi kifina ƙarfi nesa ba kusa ba. Amma ni ban tambaye shi wane dami ya fi cin wasa ba, na tambaye shi yadda nawa zai tashi. Kamar ka kai ma tela shadda ka ce ya gyara wuyan riga ya ce ai kwat ta fi kyau.

Abin da ya sa na zauna rubutun nan ma hutun sallar da na je gida ne. Majalisarmu na nan inda na bar ta, gindin darbejiya kusa da mai shayi, ana dara ana wot, kuma wallahi na manta yadda ƴan kallo suke a gida. Mutum biyu ke dara amma baki goma ke wasa, wannan ya ce kashe nan, wancan ya ce kai dara za ta ci gida, har wani ya miƙa hannu ya matsa maka tsinke. Sai na lura da abin da ban taɓa lura da shi ba, mai wasan ba kowa yake saurare ba. Akwai wani dattijo in ya yi gyaran murya kawai sai ka ga an janye hannu, akwai kuma wani abokinmu da ya fi kowa ihu amma ko kallonshi ba a yi, don kowa ya san shekara nawa rabon ya ci wasa. A gida kafin shawara ta iso kunnenka ka riga ka san mai ita, ka san wasanshi, ka san ko goyon abokin karawarka yake. Illar gida guda ce, in yayanka ya ce aza nan to ko ka ga rami sai ka aza, in an cinye ka kuma ya ce ai kai ne ba ka aza da kyau ba.

Can kuwa babu yaya babu kawu, yaro ɗan shekara 15 zai ce ma mai furfura damin nan naka shirme ne a yi dariya a wuce, wannan ya burge ni ba ƙarya. Amma suna da nasu yayan, shi ne intanet. Akwai shafin da ake kira EDHREC da ke tattara damman mutane ya nuna maka katin da aka fi sawa, kuma da zarar an ce kaso kaza cikin ɗari na sa katin nan shikenan bakin kowa ya mutu. Ni kuma tambayata su wa ke nan masu sawar? Da wa suke karawa? Nawa ne cikin aljihunsu? Mutumin da ke shirin gasa da mutumin da ya zo shan shayi da abokai bayan aiki ai ba magani guda za a rubuta musu ba. Shi ya sa za ka ga dami goma a shago kowanne da sunanshi daban amma rabin cikinsu iri ɗaya, kowa da katin Sol Ring ɗinshi. Ni ma ina da shi fa kar a ce na cika baki, mana ɗaya ka biya ya riƙa ba ka biyu, wa zai ƙi.

Yanzu in mutum ya buɗe baki kan damina abin da nake fara yi shi ne in ce ya nuna min nashi. In maganar ƙirga ce, ƙasa nawa, katin jawo kati nawa, mi zan kashe dabbar wani da shi, ina rubutawa a waya nan take. In kuwa ya fara da "cire kadan nan" sai in ce to na ji, in mayar da kadana cikin kwali. Sau biyu na bi irin wannan shawarar na cire dabbobi shida na zuba katunan da ake yabo, na ci wasa kuwa, amma ina tafiya tashar bas ji nake kamar da rigar aro na je biki.

Na bar ma ƙanena ƙaramin dami biyu kafin in dawo, na koya musu shi da abokinshi a zaure. Shekaranjiya ya kira ni bidiyo, bayanshi mutum ya kai shida sun duƙa kan tabarma kowa na nuna kati da yatsa, ya ce "Yaya, wai sun ce in hidda kunkurun ga, bai da amfani." Na ce wa ya ce? Ya juya wayar, sai ga abokin namu mai ihu yana ɗaga min hannu.