Batik ɗin Indonesiya da rinin Ƙofar Mata

Tunda karatu ya kawo ni birnin Yogyakarta na Indonesiya abin da ya fi tsaya min a rai ba abincinsu ba ne, yadda suka riƙe batik ɗinsu ne, wato yadinsu na gargajiya da ake zanawa da kaki a rina. Ranar Juma'a ka shiga banki ko ofis ko makaranta, daga manaja har masinja kowa da rigar batik, biki ma haka, shugaban ƙasa zai tarbi baƙi da ita a jikinsa. A 2009 UNESCO ta sa batik cikin kayan gadon duniya, tun daga nan duk 2 ga Oktoba ranar batik ce a ƙasar baki ɗaya.

Aikin fa ba wasa ba ne. Mace za ta zauna gefen ɗan kasko da narkakken kaki, a hannunta wani ɗan abu na tagulla mai siririn baki da suke kira canting, ta ɗebo ta hura bakinsa ta ja layi a kan farin yadi, ɗigo bayan ɗigo, inda kakin ya rufe rini ba ya kamawa, sai a tsoma a kala, a tafasa kakin ya fita, a sake zanawa a sake tsomawa, zane ɗaya yana iya cin watanni. Akwai na tambarin tagulla mai sauri da araha. Kuma kowane gari da hannunsa, na Solo ruwan ƙasa, na Pekalongan kala-kala, na Cirebon da zanen gajimare.

Yanzu kayan nan suna fita Amurka da Japan da Turai, Mandela ma rigunan batik ya yi ta sawa har aka san shi da su. Mutane na cewa talla ce ta kai su, ni dai ban yarda ba. Kasuwar waje ta biyo bayan ta gida ne, su suka fara sa abinsu kullum har mai rini ya samu na cefane bai bar sana'ar ba, ɗansa ma ya ga akwai ci a ciki ya koya.

To mu fa? Wallahi abin na min ciwo. Atamfar Holan ɗin da ake cika lefe da ita, asalinta kwaikwayon batik ne da Turawan Holan suka yi da inji lokacin da suke mulkin Indonesiya, can ba ta samu shiga ba sai aka juyo da ita Afirka ta Yamma, kamfanin Vlisco mai yin ta tun 1846 yake. Yau kuma Kantin Kwari cike yake da kwaikwayon wannan kwaikwayon daga Chaina, masaƙun Kaduna kuwa tuni sun rufe. Alhali muna da marinar Ƙofar Mata mai shekaru sama da 500, baba da toka, da turkuɗin Kura da mabuga ke bugawa har ya yi sheƙi, wanda Buzaye ke ketowa daga sahara su saya. Je ka ƙirga ramuka nawa ke aiki yanzu, da yawa sun bushe. Mun mayar da wurin na kai baƙo ya ɗau hoto, amma mu kanmu wa ke ɗinka rinin ya sa ran sallah?

Ba wai su nan ba su da matsala ba, yadin inji mai zanen batik na cinye musu kasuwa sosai, kuma a Pekalongan ruwan rini ya ɓata koguna. Sai dai talaka a kasuwar Beringharjo ta nan Yogyakarta zai juya zane ya duba bayansa ya gaya maka na hannu ne ko na inji, gwamnati ma ta fito da alamar da ake maƙala wa na ainihi.

Da gwamnatin Kano za ta ce ma'aikata su sa rinin gida rana ɗaya a sati, makarantu su ɗinka yunifom da shi, teloli su fito da ɗinkin da samari da 'yan mata za su so, ina ganin ramukan nan da suka bushe za a sake zuba musu baba.