Zinaren wawaye a shagon Turawa, amma mu ake kira masu camfi

Glastonbury ƙaramin gari ne a kudu maso yammacin Ingila, amma babban titinsa cike yake da shagunan duwatsu. Kana tura ƙofa 'yar ƙararrawa za ta kaɗa. Turaren tsinke na tashi, sarewa na busawa ƙasa-ƙasa daga wata na'ura da ba ka gani, an shimfiɗa farin ƙyalle an jera akusa, kowane akushi da irin dutsensa, kowane dutse da ɗan katinsa: wannan na barci, wannan na soyayya, wannan na korar baƙin ciki. An saita ƙananan fitilu daidai inda ƙyalli zai daki ido. Ga na'urar biya da kati, ga rasit, ga jakar takarda mai tambarin shago. A akushin da ya fi kowanne sheƙi an rubuta cewa dutsen yana jawo arziki, yana ƙara ƙarfin zuciya, yana kare mutum daga mugun nufi. Mai shagon, wata dattijuwa mai fara'a, da ta ji inda na fito sai ta ce ai mu can tsafi da layu muka yi imani da su, su kuwa da kuzarin halitta suke aiki. Dutsen da ke tafin hannunta lokacin da take wannan magana shi ne wanda kakanninta da bakinsu suka raɗa wa suna zinaren wawaye.

Sunansa na littafi pyrite, mu ce fairait. Ƙarfe ne da farar wuta suka haɗu: a kowane giram 100 akwai kusan 47 na ƙarfe da 53 na farar wuta. Launinsa na farin tagulla ne mai ɗan haske, kuma yana fitowa daga ƙasa da siffar da ido ke ƙin yarda ba mutum ya yanka ba, ko dai murabba'i sak kamar dunƙulen magi, ko mai fuska goma sha biyu kowace da kusurwa biyar. Mafi kyawun murabba'ai daga Navajún suke zuwa, wani ƙauye a lardin La Rioja na Sifaniya, masu curi-curi kuwa yawanci daga mahaƙar Huanzala ta ƙasar Peru. Abin da ba a cika gaya wa mai saye ba shi ne, murabba'in da yake gani zaune daram a kan farin dutsensa galibi cire shi aka yi, aka share, aka mayar da gam. Wannan ba ha'inci ba ne a wurin masu sana'ar, haka ake yi, amma wanda ke neman tsarkakken kuzari gara ya san da gam a ciki.

Kama da wane ba ta wane. Yaron da ya yi wata uku a ramin gwal a Anka ko Maru ya san yadda ake raba su, kuma ba ya buƙatar kati. Ka sa tsinin wuƙa: zinare zai karce, domin taurinsa 2.5 zuwa 3 ne a ma'aunin taurin duwatsu, fairait kuwa 6 zuwa 6.5, ya fi wuƙar tauri, shi ne ma zai karce gilashi. Ka buga da guduma: zinare zai baje kamar an taka ƙullu, fairait zai tarwatse ya zama gari, ya bar warin ashana. Ka goga a bayan tayil inda babu sheƙi: zinare zai bar layi rawaya, fairait baƙi mai ratsin kore. Ka ɗaga a hannu: murabba'in fairait mai santimita 2 kowane gefe giram 40 ne, zinare mai wannan girman ya haura giram 150. Shi ya sa a kwanon wanki fairait ke bin ruwa ya fice tun zinare na kwance a gindi, kuma zaiba ba ta kama shi.

Amma masu haƙa ba sa raina shi, domin sau da yawa inda ya bayyana a jijiyar farin dutse zinare na kusa. Wani lokaci ma zinaren a cikinsa yake, ƙanana ƙwarai har madubin likita ba ya gani. Manyan mahaƙun Carlin a jihar Nevada ta Amurka a kan irin wannan suka tsaya, haka Obuasi ta Gana, inda zinaren ke maƙale a cikin ɗan'uwansa mai sinadarin asanik mai guba, sai an gasa dutsen ko an sa ƙwayoyin halitta sun cinye farar wutar kafin ya saku. To idan akwai hanyar da fairait ke kawo arziki, wannan ce, kuma sai da injina da ma'aikata dubbai.

Tarihinsa na gaskiya ya fi na katin daɗi. Sunan daga kalmar Girkanci ta wuta ya fito, saboda idan aka ƙyasta shi da dutsen ƙanƙara yana fid da tartsatsi. Gawar mutumin nan da aka tsinta cikin dusar ƙanƙara a tsaunukan Alps a 1991, wanda ya rayu shekara sama da 5,000 da suka wuce, an sami burbushin fairait a kayan kunna wutarsa. Mutanen Maya na tsakiyar nahiyar Amurka sun yanka shi falle-falle sun manna a kan faifan dutse sun yi madubi. A ƙarni na 16 maƙeran Turai sun sa shi a kunamar bindiga, wata 'yar ƙafar ƙarfe na juyawa tana gogarsa har albarushi ya kama. A 1608 Turawan Ingila da suka zauna a Jamestown ta Amurka sun bar noma sun loda wa jirgi ƙasa mai ƙyalli zuwa Landan, aka gwada, babu zinare. Daga baya ya zama abincin masana'antu: a 1873 'yan kasuwa ƙarƙashin jagorancin Turawan Birtaniya suka sayi mahaƙun Rio Tinto a kudancin Sifaniya, ana ƙona dutsen don tagulla da ruwan asid na farar wuta, irin wanda ake zuba wa batirin mota kuma ake yin takin zamani da shi. Hayaƙin ƙonawar a fili ya kashe gonaki, mutane suka fito zanga-zanga a 1888, sojoji suka buɗe musu wuta. Masu maganin gargajiya na Sin sun daɗe suna gasa shi su tsoma a ruwan tsami don karaya, wannan ma yana cikin tarihi. Amma tsarin da ake sayarwa yau, na cewa dutse kaza na cibiyar jiki kaza ne, daga shekarun 1970 da 1980 ya yaɗu a Amurka, an ɗebo kalmar cakra, wato cibiyar kuzari a jiki, daga Indiya, an ɗebo maganar kusurwar arziki daga Sin, an dama.

Yadda masu shagunan suke koyarwa shi ne: ka kwanta ka ɗora dutsen tsakanin cibiya da ƙirji na mintoci, ko ka ajiye shi a kusurwar hagu ta can ƙuryar ɗaki, ko cikin jakar kuɗi, ko kan teburin aiki. Idan wata ya cika ka fitar da shi ya kwana a farin wata don ya sake caji. Ku canza sunan dutsen ku sa wani abu da aka ɗinke da fata, ku gaya mini bambancin. An ma gwada abin. A 2001 Farfesa Christopher French na kwalejin Goldsmiths a Landan ya ba mutum 80 duwatsu su riƙe, wasu na gaske wasu na jabu, bayan an faɗa wa wasunsu abin da za su iya ji. Masu jabun sun ji ɗumi da tsikar jiki daidai da masu na gasken. Farin dutse mai garai-garai aka yi gwajin da shi, amma babu wani dalilin da zai sa fairait ya bambanta.

Inda abin ya wuce wasa shi ne ruwa. Wasu na jiƙa duwatsu a kwalba su sha, wasu na wanke su da ruwan gishiri da sunan tsarkakewa. Fairait idan ya haɗu da ruwa da iska ruɓewa yake yi, ƙarfen ya koma tsatsa, farar wutar ta koma asid. Kilo ɗaya idan ya ruɓe duka zai ba da asid fiye da kilo ɗaya da rabi. Dare ɗaya a kofi ba zai kai nan ba, amma asid ɗin na kwance abin da ke ɓoye a dutsen, kuma fairait kan ɗauki asanik, wani lokaci da dalma a maƙale da shi, ba kuwa mai shagon da ya kai nasa ɗakin gwaji. Kogin Rio Tinto ja wur yake har gobe saboda wannan. A ƙasar Ailan gidaje dubbai sun tsattsage bayan an cike ƙarƙashin daɓensu da tsakuwa mai fairait, ta ruɓe ta kumbura ta ɗaga ƙasa, har gwamnati ta yi doka a kai a 2013.

Wanda ya saya don ado, babu laifi, dutse ne kyakkyawa. Kada ya wanke shi. Busasshen burushi mai laushi ya isa. A sa shi a robar da ke rufuwa gam, da 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ake samu a kwalin takalmi, danshin iska ya tsaya ƙasa da kashi 50 cikin ɗari. Daga 60 zuwa sama ruɓa ke farawa. Ban da banɗaki, ban da bakin taga, ban da kwali domin asid na cin takarda. Alamar ta fara ita ce farin gari ko rawaya a jiki, warin farar wuta, tsagewa, da katin da ke ƙarƙashi ya yi ruwan ƙasa yana marmashewa. Da ka gani ka ware shi daga sauran. Dunƙulallen murabba'i mai santsi yakan daɗe lafiya. Mai laushin ƙwaya da faifan nan masu kama da rana da ake cirowa daga mahaƙun kwal na Illinois su ne masu saurin lalacewa. A Kano lokacin hunturu zai zauna lafiya, damina ce abin tsoro. A Ingila kuwa kullum damina ce.

Na san za a ce laifi tudu ne. Haka ne, muna da bokaye, muna da masu sayar da zoben farin jini a tasha, kwallin da ake sa wa jarirai sau da yawa dutsen dalma ne, kuma a 2010 yara sama da 400 suka rasu a Zamfara saboda an kai dutsen gwal mai dalma cikin gidaje ana niƙawa. Ba na kare ko ɗaya. Amma a gida mai zuwa wurin boka da dare yake zuwa, yana waige. Akwai malamin da zai hau mumbari ranar Juma'a ya kira abin da sunansa, akwai tsohuwar da za ta ce kai dai ka nemi na kanka. Almajiri ma ya san abin da Sayyidina Umar ya ce wa Hajarul Aswad, cewa ya san dutse ne, ba ya cutarwa ba ya amfanarwa. A nan abin da fitila da rasit yake, ana koyar da shi a kwas ana ba da takardar shaida, ana kiransa kula da kai. Iyayen Zamfara talauci da rashin wanda zai gaya musu ne ya ci su. Mai sayen dutsen arziki a Glastonbury ta yi makaranta, laburare na bayan shagon. Duk da haka namu ake ɗauka a fim, nasu a mujallar ado. Abin da ya fi ci mini rai, 'ya'yanmu da ke kunyar kambun kakansu yanzu suna odar waɗannan duwatsu a Instagram, tunda da Turanci aka rubuta katin.

Akwai wani abu a shagon da ya fi maganar matar tsaya mini. Murabba'in Sifaniya katinsa na ɗauke da sunan ƙauye, da lardi, da sunan mahaƙar, ƙauyen da mutanensa ba su kai hamsin ba. Na Peru ma haka. A gefe akwai akushin wasu duwatsu kore da ruwan hoda, irin waɗanda ake haƙowa a wajen Keffi da Nasarawa Eggon, ko a Oyo, waɗanda dillalai ke tarawa a Jos da Ibadan kafin su kama hanyar Bankok ta ƙasar Tailan. Wanda ya taɓa ganin ramukan nan ya san zurfinsu, ya san igiyar da ake sauka da ita da tocilan da ake ɗaurawa a goshi, ya san nawa ake ba yaron da ya fito da dutsen. Na juya katin gaba da baya. Amfanin dutsen ya ci layi huɗu. Wurin asali kuwa kalma ɗaya aka rubuta, Afirka.