Karatun Likita a Bakin Tukuba

Bayan sallar isha'i ne a Samaru, tsallaken titin Sakkwato daga babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Teburin Mai Shayi na manne da tukubar Bawa Mahauci. A kan benci ga Wanzam da zabirarsa, ga Alhaji Bakano da ya kawo kaya Sabon Gari dare ya yi masa. Sai ga Ɗan Boko, ɗalibin likitanci ɗan aji biyu, rungume da wani ƙaton littafi.

MAI SHAYI: Likita bokan Turai! A haɗa mai kauri?

ƊAN BOKO: Ruwan bunu, Kawu, wata ya yi nisa. Kuma don Allah kada kowa ya kula ni. Jibi muke jarrabawar sassan jiki.

ALHAJI: Kun ji Bazazzagi. Shayinsa ba madara, amma ya zo majalisar mutane ya kafa doka.

BAWA: Ƙyale shi, Alhaji. Kai yaro, yaya ake yin jarrabawar taku?

ƊAN BOKO: Tebura ake jerawa, Baba Bawa. Nan ƙashi, can zuciya, gaba kuma hannu an buɗe shi an soka tsinke a wata jijiya. Ka duba ka rubuta sunanta da aikinta. Kafin ka gama tunani an kaɗa ƙararrawa, sai tebur na gaba. Ka sani ko ba ka sani ba, babu komawa baya.

BAWA: Au, abin da ya hana ka barci ke nan? Tun ba a haife ka ba nake wannan jarrabawar kullum da asuba a mayanka. Bari in gwada ka. Haƙarƙari nawa ne?

ƊAN BOKO: 12 a dama, 12 a hagu.

BAWA: Ka faɗi. 13 ne.

ƊAN BOKO: Wannan na sa ne, Baba.

BAWA: Akuya 13. Rago 13. Sa 13. Dukansu da hannuna na ƙirga. Kai wa ka ƙirga?

ALHAJI: Uku da ɗaya. Ko a zaɓe ne an kayar da kai, bawana.

MAI SHAYI: Ni dai abin da na ji, na namiji bai kai na mace ba, saboda guda ɗaya da aka cire tun farkon duniya.

ƊAN BOKO: Na maza da na mata duka 24 ne, Kawu. Na ƙirga a ɗakin karatu, kai ma za ka iya lalube ka ji.

WANZAM: A nan kam yaro ya yi gaskiya. Da abin da aka cire wa uba yana bin ɗa, da tuni na rataye zabira. Na yi wa uba kaciya, na yi wa ɗa, jikan ma da sanyin bana za a kawo mini shi.

Aka yi dariya har Mai Shayi ya zubar da rabin kofi. Ɗan Boko ya ga ya samu mai goya masa baya, sai baki ya buɗe. Dama mai cewa kada a kula shi a teburin shayi, jira yake a taɓa shi.

ƊAN BOKO: Kun san babban mutum ƙashi 206 gare shi? Jariri kuwa da kusan 300 ake haihuwarsa.

ALHAJI: Tsaya, tsaya. An ba shi 300, ya girma ya koma 206? Ina sauran? Wa ya riƙe lissafin?

ƊAN BOKO: Ba ɓata suka yi ba, Alhaji, haɗewa suke yi. Ƙoƙon kan jariri faranti-faranti ne, shi ya sa maɗiga take motsi kafin ta rufe. A ƙasan gadon baya ma ƙashi biyar ne suke manne wa juna su zama ɗaya.

ALHAJI: Haka yarona na shago ya ce mini da atamfa ta yi ƙasa. Wai haɗewa suka yi.

BAWA: Ni fa ban yarda da lissafin littafin nan ba. Muƙamuƙin ƙasa nawa ne?

ƊAN BOKO: Ɗaya.

BAWA: Biyu! Ɓari da ɓari, sun haɗu a haɓa. Ko jiya na raba na kan sa.

ƊAN BOKO: Baba Bawa, wallahi kana da magabaci. Akwai wani babban likita Bagirke da ya yi zamani a birnin Rum wajen shekara 1,800 da suka wuce. Turawa na kiransa Galen, malamanmu na cikin birni sun san shi da Jalinusu. A lokacinsa ba a yarda a buɗe gawar mutum ba, sai ya riƙa fiɗar birai da aladu da shanu yana rubutawa a matsayin jikin ɗan Adam. Shi ma biyu ya ce. Fiye da shekara 1,000 likitoci na haddace maganarsa, sai a 1543 wani mai suna Vesalius ya fitar da littafi bayan ya buɗe gawarwakin mutane da hannunsa, ya nuna muƙamuƙin babban mutum ƙashi ɗaya ne.

BAWA: Wato shekara 1,000 duniya na kan fatawar mahauta.

ƊAN BOKO: A kan kuskure, Baba.

BAWA: Ban ji ƙarshen maganar ba, hayaƙi ya shiga kunnena.

MAI SHAYI: Likita, don Allah gaya mini gaskiya. Da gaske ne gawar mutane kuke yankawa a can ciki?

ƊAN BOKO: Da gaske ne, Kawu. Amma ba wasa ake yi a wurin ba. Ba a ɗaukar hoto, ba a shewa, in an gama a lulluɓe. Akwai wani magani, fomalin, da ake sa wa gawar don kada ta lalace. Shi ne ke sa ido ruwa, warinsa kuma ya bi ka har ɗaki.

MAI SHAYI: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah Ya jiƙan bayinSa.

WANZAM: Amin. Amma ni labari ya iso mini cewa ranar farko wani ya sume.

ƊAN BOKO: Ban suma ba. Zama na yi a ƙasa da sauri.

WANZAM: Har aka ɗaga maka ƙafafu sama?

ƊAN BOKO: Ai wannan ilimi ne, Baba. In mutum ya firgita, wani lokaci bugun zuciya kan ragu, jijiyoyin jini su saki, jinin da ke hawa ƙwaƙwalwa ya yi kaɗan. Da an kwantar da shi an ɗaga ƙafa, jini ya koma kai, sai ya farfaɗo.

ALHAJI: Ka ji mutanen birnin ilimi. Ko faɗuwa suka yi sai sun ce darasi suke bayarwa.

BAWA: Ashe shi ya sa duk farkon zango 'yan aji biyu ke wuce tukubata suna kau da kai. Na ɗauka yaji ne ya yi yawa, har na yi wa yarona faɗa.

Wanzam ya jawo zabira ya fito da ƙaho, ya goge shi da gefen riga.

WANZAM: Ɗana, wannan sumar taka mataccen jini ne ya taru maka. Kawo ƙeyarka in yi maka ƙaho biyu, jibi ka shiga jarrabawa kai sakayau.

ƊAN BOKO: Baba, jinin da ya tsufa akwai mai kwashe shi a ciki. Jajayen ƙwayoyin jini kwana 120 suke yi, saifa da hanta su tsince tsofaffin, ɓargo ya ƙera sababbi.

WANZAM: To baƙin da nake gani a ƙaho fa? Ni na shafa masa shuni?

ƊAN BOKO: Wani ya riga ya sauke iskar da ya ɗauko ne, shi ya sa ya yi duhu, wani kuma daskarewa ya yi a cikin ƙahon. Wanda ke jiki in ya koma zuciya, ɓangaren dama ya tura shi huhu, ya ɗauki sabuwar iska ya dawo ɓangaren hagu ja wur. Wannan zagayen ta huhu wani malamin Musulmi, Ibn Nafis, ya bayyana shi a Alƙahira tun ƙarni na 13.

WANZAM: Ita saifar nawa take karɓa?

ƊAN BOKO: Kyauta take yi.

WANZAM: Shi ya sa kasuwa ta mutu. Ashe a cikin cikin mutane aka buɗe mini kishiya.

ƊAN BOKO: Ni roƙona ɗaya, Baba: kowane kai da sabuwar rezarsa. Ciwon hanta ta jini yake bi.

WANZAM: Wannan kuma ka makara. Kwalin reza na fi kashe wa kuɗi yanzu a kan goro.

ALHAJI: Duk surutu ne. Ku zo Kano ku ga asibiti da likitoci. Kano ta Dabo, tumbin giwa, ko da me ka zo an fi ka!

ƊAN BOKO: Alhaji, giwa fa tumbinta ɗaki ɗaya ne, irin na mutum. Masu tuƙa ne ke da huɗu.

BAWA: Wannan kam na shaida. Wato akuyar Tudun Wada ta fi Kano yawan ɗakuna.

ALHAJI: Amma ɗakin namu guda zai haɗiye Zariya da ganuwarta.

BAWA: To a bar gardama. Mai Shayi, ɗauki cokali da kofi, kai ne ƙararrawa. Yaro, rufe littafin nan ka taso.

Bawa ya shimfiɗa takarda a gefen tebur, ya jera gasassun kayan ciki kashi huɗu, kowanne da tsinken tsire a soke. Alhaji ya gyara zama ya matso kusa, wai shi ne mai sa ido kada a yi satar amsa.

BAWA: Na ɗaya.

ƊAN BOKO: Zuciya. Ɗaki huɗu, biyu sama biyu ƙasa. Bangon hagu ya fi kauri don shi ke tura jini duk jiki. Ta mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti in yana hutawa.

BAWA: Yau dai mun yi ittifaƙi da littafi. Ta sa ma huɗu ce.

Kwal! Mai Shayi ya buga kofi.

ƊAN BOKO: Hanta. Tana dama, ƙarƙashin haƙarƙari, ta babban mutum wajen kilo ɗaya da rabi. Tana ajiye sukari, tana tace guba, ita ke yin ruwan ɗacin da ke taruwa a matsarmama don narkar da maiƙo.

BAWA: Tambayar ƙari. Wace dabba ce nake fiɗa ba na samun matsarmama?

ƊAN BOKO: Baba, wannan ai ta 'yan likitan dabbobi ce.

BAWA: Raƙumi. Rubuta ka ajiye, kyauta na ba ka.

Kwal!

ƊAN BOKO: Hanji. Ƙaramin na mutum ya kai mita 6, a nan abinci ke shiga jini.

ALHAJI: Mita 6? Ya fi turmin atamfa ke nan. Ƙoda fa, yaro, nawa ake ba mutum?

ƊAN BOKO: Biyu. Suna tace ruwan jini wajen lita 180 a kwana ɗaya, su mayar da kusan duka, abin da ke fita fitsari wajen lita ɗaya da rabi ne. Mutum na iya rayuwa da guda ɗaya ma. Amma Alhaji bari in ƙarasa.

Kwal! Ɗan Boko ya matsa kashi na huɗu. Tsinke ne kawai a kan takarda, sai maiƙo da ɗan yaji.

ƊAN BOKO: Ina tambaya ta huɗu?

MAI SHAYI: Mai sa ido ya cinye ta.

ALHAJI: Tantancewa na yi. Ƙoda ce, kuma ta gasu.

BAWA: Madalla. Wa zai biya?

ALHAJI: A wace makaranta ka taɓa jin mai sa ido ya biya kuɗin jarrabawa? Ɗalibi ke biya.

ƊAN BOKO: Ni ko ganinta ban yi ba!

WANZAM: Ai ka san hanyar da ta bi. Faɗa mana inda take yanzu, a ba ka rabin maki.

ƊAN BOKO: Ta wuce maƙoshi, tana tumbi. Nan da 'yan awoyi za ta gangara ƙaramin hanji.

BAWA: Ka ci. Kawo kuɗina.

ALHAJI: Bawa, kafin ya buɗe aljihu. Shi da bakinsa ya ce ƙoda biyu ake yin ta. Miƙo ɗayar, a haɗa masa lissafi.