Yadda Boruto Ya Tona Min Asiri a Falona

Ni ɗan zamanin Naruto ne, katun ɗin nan na Japan, na faifan CD da muke haɗa kuɗi mu saya a kasuwa, a ɗauke wuta daidai lokacin da Rock Lee zai kwance ƙarafan ƙafarsa a gaban Gaara. Kashi 220 na farko da 500 na ci gabansa Shippuden duk na shanye su, har da na cike gurbin nan marasa kai bare gindi. Shi ya sa da na ji ɗana yana gaya wa abokinsa wai Boruto, katun ɗin ɗan Naruto, ya fi, sai da na ajiye cokali.

Na ce, "Kai, zo nan. Wa ya fi wa?"

Na zaunar da shi na fara karatu. Naruto maraya ne, duk garin Konoha gudunsa ake saboda dodo mai wutsiya tara da aka rufe a cikinsa. Yaro ya zauna kan lilo shi kaɗai yana kallon iyayen wasu, kai mai kallo sai ka ji ƙwalla. Shi kuwa Boruto, ubansa Naruto ne shugaban gari, uwarsa Hinata tana girka masa, garin ya samu jirgin ƙasa da wasan gem, amma kullum fuska a murtuke. Ƙoshi ne kawai ke damunsa. Yaron da ya ɓoye na'ura a hannu ya yi maguɗi a jarrabawar ƙarin girma ta Chunin, har uban ya kama shi gaban jama'a ya cire masa ɗaurin goshi, shi za a haɗa da Naruto?

Ya ce, "Abba, ka taɓa kallonsa kuwa?"

Nan na ce a kunna, in nuna masa aibin da yatsa. Maman yara tana gefe tana tsinke alayyafo, ko kallon talabijin ɗin ba ta yi.

A bakin gaskiya zanen ya yi kyau, abin da aka fara a 2017 ba zai yi kama da na 2002 ba, kuma faɗan da Naruto da abokinsa Sasuke suka yi da mugun nan Momoshiki a kashi na 65 ko maƙiyi ya sara masa. Abin da ya ƙona min rai shi ne yadda aka mayar da gwarzona. Mutumin da ya kayar da babban abokin gaba Pain, ga shi an jibge shi bayan tebur, takardu sun fi shi tsawo, yana gyangyaɗi kamar maigadin da ya kwana biki.

Ina cikin wannan mita aka zo wurin bikin ranar haihuwar Himawari, ƙanwar Boruto. Naruto ya ɗauko kek, ana murna, sai fat ya ɓace, kek ya tarwatse a ƙasa. Ashe kwafin kansa na siddabaru ya aiko, shi yana ofis.

Maman yara ta ɗago. "Me ya faru da shi?"

Yaron ya yi mata bayani dalla-dalla, har da nuni da hannu.

Ta ce, "Au, to ai Abbanku ne."

Na ce ban gane ba. Ta ce ranar rabon kyaututtuka a makarantar yara wa ya je? Yaron shagona na tura, da lemo katan guda. Na ce Naruto gari guda ne a kansa. Ta ce, "Kai kuma caja da murfin waya."

Ɗan nawa, da na ɗauka zai tausaya min, ya ce, "Umma, shi Naruto kwafinsa ma ya yi kama da shi. Namu ko gemu ba shi da shi."

Ƙanwarsa ta faɗi ƙasa don dariya. Tun ranar ba a kiran yaron shagon da sunansa a gidan, sai dai Kwafin Abba, shi ma har amsawa yake.

Yanzu uwa da ɗa sun haɗe kai suna bin Boruto kowane dare, da datata, kuma kashi 293 ne. Jiya suka gano Sasuke ya bar matarsa Sakura da 'yarsu Sarada shekara da shekaru yana yawon aiki, ta juyo ta ƙare min kallo ba ta ce komai ba. Ga shi jibi zan tafi Legas sarin kaya, har yanzu ban san ta inda zan faro mata zancen ba.