Kafin ka tambaye ni wace manhaja ce ta fi, gaya mini kwamfutar da ke hannunka

Kusan duk sati sai wani ya aiko mini da tambayar nan: "Malam, wace manhajar tace bidiyo ce mai kyau wadda ba ta da tsada?" Ni kuma sai in mayar masa da tambaya, har wasu suna ɗauka rowar ilimi nake yi. Wace irin kwamfuta gare ka? RAM ɗinta, wato ma'ajiyar da take riƙe aikin da take yi a lokacin, nawa ne? Da waya kake ɗaukar hoto ko da kyamara? Wallahi ba wasa nake ba. Manhajar da ke gudu kamar ruwa a kwamfutar wani, kai tana iya sa ka ji kamar ka jefar da taka ta taga.

Bari mu fara da wadda kowa ke yabo, DaVinci Resolve. Yabon kuwa ya dace da ita. Asalinta manhajar gyaran launi ce da manyan kamfanonin fim ke amfani da ita, sai kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostareliya ya saye ta a 2009, daga baya ya fitar da nau'in kyauta. A hankali suka zuba mata sashen sauti na Fairlight a 2017, da sashen siddabarun hoto na Fusion a 2018. Nau'in kyautar ba ya manna maka tambari a kan aikinka na yau da kullum, kuma yana fitar da bidiyo har girman 4K, wato babban hoto mai tsafta sosai. Wanda ya so ƙarin kayan aiki, kamar rage dusar da ke cikin hoton da aka ɗauka cikin duhu, sai ya sayi nau'in Studio, biya ɗaya kawai, ba wata-wata ba.

To ina matsalar? Matsalar ita ce Resolve tana cin ƙarfin kwamfuta kamar ba gobe, musamman katin hoto, wato ɓangaren da ke sarrafa hoton da kake gani a allo. Kamfanin da kansa yana ba da shawarar RAM 16GB ko fiye. Mai ƙaramar laptop mai 4GB ko 8GB, wadda ba ta da katin hoto na daban, zai sauke ta da murna, ya buɗe, ya zuba bidiyo, sai hoton ya riƙa tsalle yana maƙalewa, fankar kwamfuta tana kuka. Daga nan sai ya yanke hukunci cewa shi ne bai iya ba, ya ajiye sha'awar fim gaba ɗaya. Wannan ne abin da ke ba ni haushi in na ga ana cewa kowa da kowa ya je ya ɗauki Resolve. Ga masu Linux ma, wato wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, akwai wani tarko: nau'in kyauta a can ba ya karanta H.264, wanda shi ne tsarin da yawancin wayoyi ke ajiye bidiyo da shi. Sai ka juya kowane fayil kafin ka fara aiki.

Ga mai ƙaramar kwamfuta, ni Kdenlive ko Shotcut nake nuna masa. Duka biyun kyauta ne zalla, masu buɗaɗɗen tushe (kowa na iya duba lambobin da aka gina su da su, ya gyara), babu tambari, babu wani ɓangare da aka kulle sai ka biya. Dukansu suna kan Windows da Mac da Linux, kuma an gina su a kan tsari guda mai suna MLT, shi ya sa suke karɓar kusan kowane irin fayil ka jefa musu. Fuskarsu ba ta da ƙyalli, gaskiya. Wani lokaci sukan rufe kansu ba sallama, don haka ka saba da adana aiki kowane ɗan lokaci. Amma yanka, haɗawa, rubutu a kan hoto, daidaita sauti, duk abin da ɗan gajeren fim ke bukata suna yi.

Akwai wata dabara da ta fi kowace manhaja muhimmanci ga mai raunin kwamfuta, kuma da yawa ba su san da ita ba: furoksi. Manhajar za ta yi maka ƙananan kwafi marasa nauyi na bidiyonka, ka yi duk yankanka da su cikin sauƙi, sai lokacin fitarwa ta koma kan asalin fayilolin masu inganci. Kdenlive da Shotcut da Resolve duk suna yin wannan. Mutum zai ce kwamfutarsa ta tsufa, alhali wayarsa ce ke ɗaukar 4K a tsarin matse bidiyo na HEVC, wanda warware shi ke wahalar da na'ura. Kunna furoksi kawai, sai ka ga tsohuwar ta farfaɗo.

Tunda mun taɓo waya, ga wani abu. Wayoyi da yawa ba sa riƙe adadin hotuna a daƙiƙa daidai, yana hawa yana sauka gwargwadon haske da nauyin aiki. Sakamakon shi ne a wasu manhajoji, bayan 'yan mintuna, sai ka ga baki yana motsi magana tana biyo baya. Mutane kan zagi manhaja a nan. Maganin shi ne ka wuce da fayil ɗin ta HandBrake, ita ma kyauta ce, ka daidaita shi a hotuna 25 ko 30 a daƙiƙa tsayayye, sannan ka fara tacewa.

Masu Mac da iPhone, iMovie na nan kyauta, ta ishe mai farawa. Masu Windows 11 kuma suna da Clipchamp, wadda Microsoft ta saya a 2021, tana fitar da 1080p ba tare da biya ba. CapCut ta kamfanin ByteDance ta fi kowa sauƙi wajen gajerun bidiyo na tsaye da rubutun magana, sai dai ka lura da alamar Pro a kan abin da za ka danna, don kayan da ke ƙarƙashinta na masu biya ne.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya taɓa cin ni. Na kwana biyu ina tace wani gajeren fim na minti goma sha biyu a wata manhaja da aka rubuta "kyauta" a kanta. Komai ya tafi lafiya har na danna fitarwa. Da na buɗe, sai ga wani ƙaton tambari kwance a tsakiyar hoton, a kan fuskar jarumina. Ko in biya, ko in sake aikin daga farko a wani wuri, domin fayil ɗin aiki na wata manhaja ba ya buɗuwa a wata haka siddan. Tun ranar na daina yarda da kalmar kyauta sai na ga abin da ke fitowa a ƙarshe.

Batun biyan wata-wata kuma, ra'ayina a fili yake. Tun 2013 kamfanin Adobe ya mayar da manhajarsa ta tace bidiyo, Premiere Pro, tsarin haya. Ga wanda tacewa ce sana'arsa, yana aiki kullum, yana musayar fayil da abokan aiki, wannan na iya zama daidai. Amma mai sha'awa da ke yin fim uku a shekara, ya biya watanni goma sha biyu don ya yi aiki a uku? Kuma ranar da ya daina biya, ba zai iya buɗe tsohon aikinsa a ciki ba. Final Cut Pro a Mac da Resolve Studio sayen su ake yi sau ɗaya, wannan ya fi dacewa da mai yi don nishaɗi.

Na san abin da wani zai ce: ai akwai na sata, wanda aka fasa. Ni dai ba zan sa a kwamfutar da ke ɗauke da lambobin sirrina wani fayil da ban san wanda ya taɓa shi ba, a zamanin da Resolve take kyauta.

Manhaja ma tana mutuwa. Windows Movie Maker da mutane da yawa suka koyi yanka a kanta, Microsoft ta janye ta a 2017. Saboda haka ka ajiye asalin bidiyonka a wuri biyu, ka kuma fitar da kammalallen kwafi mai inganci na kowane fim.

Abin da nake sa mai tambaya ya yi shi ne gwaji na yamma ɗaya. Ɗauki bidiyo na minti uku da wayar da za ka riƙa aiki da ita. Sauke manhaja biyu, kada su wuce biyu. A kowace ka yanka, ka sa rubutu, ka ɗora waƙa a ƙarƙashin magana, ka fitar har ƙarshe. Duba tsawon lokacin da fitarwar ta ɗauka, ka duba ko akwai tambari, sannan ka tura fayil ɗin zuwa waya ka kalla da abin saurare a kunne, ka sa ido a bakin mai magana a minti na uku.