Kwana Biyar a Gindin Bishiyar Ƙarfe

Babbar mota ce ta taso daga Agadas za ta Dirku, ta zo ta mace a tsakiyar hamadar Tenere, daidai bishiyar ƙarfen nan da aka kafa bayan wani direba ya banke ta ainihin a 1973. Yaron mota ya bi wata motar ya koma neman kayan gyara, aka bar mutum huɗu.

Ranar farko.

Bakano: Ranka ya daɗe bismillah, ga dabino.

Babarbare: A'a Alhaji kai ne babba, fara sa albarka.

Bafillace dai ya rungume butarsa, ko uffan.

Rana ta biyu, Buzu direba ya ɗora shayi, hira ta yi daɗi.

Bakano: Modu wallahi jininmu ya haɗu, in Allah ya fid da mu na ba ka ƙanwata.

Babarbare: Na karɓa suruki!

Bafillace: Bawana zai yi aure ba a tambayi ubangidansa ba?

Babarbare: Ji ɗan bawan nan, wa ya sa da kai?

Rana ta uku.

Bakano: Wa ya taɓa min jarka? Da gawayi na sa alama jiya!

Babarbare: Rana ce ta sha, suruki.

Bakano: Wane suruki? An fasa! Mutumin da minsharinsa ya fi injin motar nan aiki, ga tauna kamar raƙumi, ni zan ba wa ƙanwata?

Rana ta huɗu kuwa abin ya kai mutum huɗu jam'i biyu ake yi, kowa da limaminsa. Bakano ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ya ce inuwa jaka ɗaya.

Bafillace: Alhaji motar taka ce?

Bakano: Tabarmar tawa ce.

Buzu: Wanda bai zo an yi sallah tare ba, babu shi babu shayi.

Kafin la'asar sahu ya koma ɗaya.

Rana ta biyar sai ga yaron mota, aka rungume juna har da hawaye, a yafe ni a yafe ka, aka karɓi lambar waya. Ana sauka Dirku Bakano ya jawo hannun Modu gefe.

Bakano: To ɗan uwa, jaka biyun nan ta inuwa fa?

Babarbare: Ka haɗa da sadaki, in na zo Kano na biya gaba ɗaya.